Ƙofar Gonar Gyaɗa

Zuwa ga Maigidana, mai sunan Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa ka buɗe takardar nan kana zaune a masaukinka lafiya, ka yi wanka ka ci abinci. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da na masu tare hanya, Ya raba ka da direba mai gyangyaɗi, Ya haɗa ka da maƙwabta na gari. Amin.

Na san kana juya takardar kana dariyar rubutuna. Yi abinka. Ajin yaƙi da jahilci na yi, da goyon gwaggonka a baya, kuma malamarmu ta ce in dai an gane abin da mutum yake nufi, to ya iya rubutu. Da na so da na sa ƙanwarka ta danna min waya na yi maka magana a ciki, amma maganar waya kana ji kana gogewa. Wannan kuwa ba za ka iya jefarwa ba, na san kana tsoron bakina.

Ka tafi ka bar ni ko goro ba ka ajiye min ba. Kakanka da ka ci sunansa, Allah Ya jiƙansa, kasuwar Mai'adua ma in zai je sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Habi, me za a taho miki da shi?” Kai kuwa Abuja guda za ka, ka tsugunna ka ce in sa maka albarka, ka miƙe ka kaɗe wando. Na dai yi haƙuri, auren yaro haka yake.

Amma bari in gaya maka gaskiya, tunda ba ka gabana balle kanka ya kumbura. Ranar da babanka ya shigo ya ce an ɗauke ka aiki a ofishin da ake tsara yadda arzikin ƙasa zai bunƙasa, ban zauna ba sai da na zaga unguwar nan kaf. Na shiga gidajen da rabona da su tun ina da haƙoran gaba. Mai kayan miya ma da ya zo, tattasai kawai na tambaya, amma bai tafi ba sai da ya ji sunan duk makarantun da ka yi. Ƙafata ta kumbura, na shafa man zafi, ban yi nadama ba. Jikan mai ƙuli-ƙuli ne zai zauna inda ake shawarar ƙasa. Wanda bai ji daɗi ba, Allah Ya ba shi nasa jikan.

To amma ba yabo kaɗai ya sa na ɗauki biro ba. Akwai maganar da ka tafi ka bari a rataye, ta ƙofar gonarmu ta hanyar Sandamu. Gyaɗa ta kusa isa cira. Baffanka ya ce bana ma kamar bara za a yi, da an kwashe a sa kwaɗo, ba mai shiga kala. Na kira shi na yi masa magana, ya ce, “Iya, ni fa tsarin yaron nan nake bi, shi ya karanci abin. In ya ce a buɗe sai a buɗe.” Ka ga ke nan magana ta dawo hannunka. A wajen ƙofar nan kuwa akwai ƙawata Dije, wadda da kalar gonar take cin rani ita da jikarta. Zan zo kanta. Ka san halina, ba na shiga magana sai na zagaya.

Ka tuna da na tambaye ka wane irin aiki ne za ka yi, ka zauna a bakin tabarmata ka ce, “Iya, ki ɗauka ƙasar nan tukunya ce. Aikinmu mu ga ta ƙara girma. In ta girma kowa zai samu.” Na gyaɗa kai na ce haka ne, don ranar ba na son in ɓata maka kwalliya. Amma ni na taɓa girmar da tukunya, bari ka ji yadda muka ƙare.

Lokacin babanka da baffanka suna yara, ga kuma ƴaƴan ƙanin kakanka da muke riƙo, kwano ɗaya nake zuba musu tuwo kamar yadda kowane gida yake yi. Sai babanka ya kama ramewa. Wuyan nan kamar na zabo, wando ba ya zama sai an ɗaure da igiya. Na jiƙa saiwa, na karɓo rubutu, na kai shi asibiti aka ce ba ciwon komai. Kakanka ya ce a ƙara hatsi. Aka ƙara. Na je na zaɓo tukunyar da ta fi kowacce a kasuwa, sai da aka kama min kafin na ɗora a kai. Na riƙa cika baki a gidajen suna ina cewa duk layinmu ba mai tuƙa tuwo kamar nawa. Kuma gaskiya na faɗa. Baffanka ya yi kumatu, ƴan riƙo suka yi ƙeya, babanka yana nan yadda yake.

Surukata ce wata rana ta ce, “Habi, kin taɓa zama kin ga yadda suke ci?” Na ce me zan gani, ba kwanon ne yake dawowa a suɗe ba? Ta ce, “A suɗe dai. Wa ya suɗe?”

Washegari na laɓe a bayan zana ina leƙe. Baffanka, mutumin nan da kake gani yanzu da babbar riga ana tashi a gaishe shi, ba ya jiran tuwo ya huce. Yana yanko loma kamar dunƙulen hannu ya jefa, idonsa na hawaye yana miƙa hannu ya yanko wata. Babanka kuwa ya taɓa ya janye, ya hura yatsu, ya zauna yana jiran a huce. Kafin a huce an kai ƙasan kwano. Duk ƙarin da nake yi, lomar manya ce take ƙara girma. Da na sayo tukunyar da ta kai rijiya ma haka za a tashi.

Ban rage tukunya ba, kuma kada ka ji wani ya ce maka ƙaramar tukunya abin so ce, na zauna da ita na san ta. Kujera kawai na ɗauka na zauna a gefen kwano da muciya a hannu. Ban doki kowa ba. Zamana kaɗai ya sa baffanka ya koyi tauna. Kafin damina ta fita igiyar wando ta zama ba ta da amfani. Saboda haka, Maigida, in aka kawo muku labari a ofis cewa tukunya ta girma, ka yi murna da gaske, ka fi kowa tafi. In an gama tafin sai ka tambaya wa ya zauna a gefen kwano, kuma me ya gani. Mai jiran tuwo ya huce ba ya kai ƙara. Babanka bai taɓa cewa ya tashi da yunwa ba.

Wautata ta biyu ta titi ce. Akwai wata tsamiya a hanyar Mai'adua da muke zama ƙarƙashinta ranar kasuwa, mu mata masu fura da ƙuli da dafaffen wake. Hanyar a lokacin ba ta da kyau, motoci tafiyar hawainiya suke yi, in sun iso tsamiyar sai su tsaya inji ya sha iska, direba da fasinja su sha fura. Da muka ji za a gyara hanya ni na fi kowa rawar kai. Na ce motoci za su ƙaru, masu saye za su ƙaru. Na sayo sababbin ƙore, na ƙara geron da nake jiƙawa. Motoci kuwa sun ƙaru, ban yi ƙarya ba. Sai dai ba mai tsayawa. Su wuce fuu, iskarsu ta ɗage mana faifai. Na wuni ina ɗaga ludayi kamar mai ba da hannu a mahaɗa, da yamma na dawo da furar gida muka sha har da maƙwabta.

Abin dariyar, titin nan shi ya ɗaga kakanka. Dabbobinsa suna isa kasuwa da wuri ba su rame a hanya ba, ciniki ya buɗe masa. Gida ɗaya, miji yana hawa mata tana sauka, kuma shi bai ma lura ba, sai yabon gwamnati yake yi yana shan furar da ta yi kwantai. Da ya gane sai ya je ya ga sarkin tasha, da yake abokinsa ne, aka ba ni wuri a cikin tasha. Nan kasuwa ta karɓe ni fiye da da. Ni kuma da na samu sai na riƙa cewa ai titi ya yi wa kowa rana. Sauran matan tsamiya ba su auri abokin sarkin tasha ba. Wasu sun koma surfe a gidajen mutane, wasu ban san inda suka yi ba.

Ba zagin titi nake ba. A kansa aka ruga da uwarka asibiti ranar da za a haife ka, da a tsohuwar hanya ce da yanzu ba ni da miji. Ku yi tituna, ku kawo wuta, ku kafa masana'antu, Allah Ya ba ku iko. Amma duk abin da za ku shimfiɗa, akwai masu zama a gindin wata tsamiya da zai wuce ta gabansu. Ka tambayi inda za su koma tun kafin a fara, kada ka jira sai wadda ta samu wuri a tasha ta zo ta ce maka kowa lafiya. Irina ba shaida ba ce.

Yanzu mu dawo gona.

Ba zan rage maka komai ba a nan. Da ka dawo daga jami'a ka sa baffanka a gaba, ka kawo sabon iri, ka nuna yadda za a ba da tazara da lokacin sa taki, ka sa aka haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, aka zagaye gonar da waya, mutane dariya suka yi. Har ni na ce yaron da bai taɓa yin kanta a hannu ba shi zai koya wa manoma noma. Da kaka ta yi kuwa, gyaɗa ta cika sito ta cika zaure, sai da aka jera buhuna a ƙofar ɗakina ina ratsawa a karkace. Masu dariyar su suka dawo suna tambayar sunan irin. Baffanka ya canza rufin gida, ya sayi mota. Na tsaya a tsakar gida na yi guɗa da wannan tsohon maƙogwaron. Kuma maganar shingen waya ni na fi kowa goyon baya, don awakin mutane sun daɗe suna cin ranmu.

Sai ka ce abin da yake saura a ƙasa bayan an cire gyaɗa asara ne, a sa ƴan ƙwadago su sake bi su tono, sannan a rufe ƙofa saboda bututun ruwa. Ina zaune ka faɗa. Na ce Allah Ya yi maka albarka, haka ne. Kalmar asara ta shiga kunnena ta yi daɗi, ban tsaya na tambayi kaina bakin wa asarar nan take shiga ba duk shekarun nan.

Kai a gari ka tashi, bari in tuna maka yadda kala take. In mai gona ya tuge gyaɗarsa ya kwashe, akwai ƴaƴan da suke tsinkewa su zauna a cikin ƙasa. Waɗannan na duk wanda yake da ƴar fartanya da ƙwarya da haƙurin sunkuyo ne. Ba a neman izini, ba a yi wa mai gona godiya, ba a jin kunya. Matan ƙauyukan da ke kewaye su fito da hantsi, su yi ta tono suna hira har rana ta yi zafi. Haka muka taras, ba wanda ya rubuta shi a ko'ina.

Bara Dije ta ɗauko fartanyarta ta zo, ta taras da kwaɗo. Ta juya ta koma gida. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ma ya bi shi, ya bar mata yarinya mai suna Hadiza da take makarantar sakandare. Da gyaɗar kala take yin ƙuli da ɗan mai ta sayar, su ci, yarinya ta je makaranta. Ni ban ji labari ba sai a wani gidan biki, wata ta ce min Dije ta sayar da akuyarta.

Nan na yi wautar da ta fi ta tukunya da ta titi. Na sa aka cika buhu da gyaɗa mai kyau, zaɓaɓɓiya, wadda ta fi abin da za ta tono nesa ba kusa ba, na ɗora wa ɗan acaɓa na ce ya kai mata. Na zauna ina jin kaina kamar wadda ta gina masallaci. Kafin la'asar sai ga shi ya dawo da buhun, ya ce tsohuwar ta ce ya ɓata hanya.

Na yafa mayafi na hau bayansa muka koma. Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida. Ko tabarma ba ta shimfiɗa min ba, na jawo turmi na kifa na zauna.

Na ce, “Dije, me na yi miki kika dawo min da kaya?”

Ta ce, “Habi, na aiko miki ne na ce ina roƙo?”

“Wa ya yi maganar roƙo? Kyauta ce tsakanina da ke.”

“Kyautarki na sha ci, ke ma kin ci tawa. Wannan ba ita ba ce. Kin rufe ƙofa kin miƙo min ta saman waya. Ni kaɗai ce mai kala a gonar? Sauran matan fa, kowacce za ki aika wa buhu? Bana kin tuna da ni. Baɗi in kin mutu fa?”

Na ce, “Ke za ki riga ni, ai kin girme ni.”

Ta ce, “Na girme ki amma haƙorana sun fi naki yawa. Buɗe baki mu gani.”

Ban buɗe ba. Muka yi dariya, ta shiga ta ɗauko tabarma. Da muka zauna sai ta ce, “Abin da na tono nawa ne, in ci in yi gyatsa ba wanda zan duƙa wa. Na buhu kuwa duk ranar da na gan ki sai na gyara murya. Ke ce ma za a gaya wa? Ko kin manta shekarar shanun Malam?”

Ban manta ba, ajiyewa na yi. Kai ma ba ɓoye maka aka yi ba, ba ka taɓa tambaya ba ne. Tun kafin tukunya, tun kafin tsamiya, akwai shekarar da ciwo ya shiga shanun kakanka ya share su, ya zauna ba shi da ko igiya. Ni da Dijen nan muka ɗauki fartanya muka shiga gonar wani attajiri da ban taɓa ganin fuskarsa ba. Muka yi ta kala har fatar gwiwata ta saɓule. Da wannan gyaɗar na matse man farko, na soya ƙulin farko. Ƙuli ya haifi fura, fura ta kai ni tasha, tasha ta ɗinka wa babanka kayan makaranta. Sauran ka sani. Hoton nan naka da na rataye a ɗakina, mai baƙar riga da hula mai igiya, in ka bi saiwarsa za ka same ta a gonar mutumin da bai sa kwaɗo ba. Bai ba ni sadaka ba, bai san ina duniya ba. Ƙofa ce kawai bai rufe ba, kuma ga inda ta kawo mu.

Ina alfahari da gwiwar nan tawa kamar yadda nake alfahari da hularka. Kuma ina kallon Hadiza in ce wa ya san inda gyaɗar kakarta za ta kai ta. Yarinyar tana da kai, in tana karanta wa Dije takardar magani har Turancin take faɗa ba gargada.

Ga nasihar da ke cikin wannan. Za ka ga ana loda shinkafa a manyan motoci ana rabawa, ana ɗaukar hoto. Ni ma na taɓa karɓa, na dafa na ci, ta yi daɗi. In yunwa ta zo a raba, ba laifi. Amma ka sani wannan buhuna ne da na aika wa Dije. Kada ku toshe wa mutane ƙananan hanyoyin da suke tsayawa da ƙafarsu, sannan ku bi su da buhu kuna jiran godiya. Kafin ka rubuta wa wani abu asara, ka je ka ga ko akwai mai ci. Mu da muke zaune kusa da Kusugu ma bai kamata a koya mana wannan ba. A labarin da muke ba ku kuna yara, ai rijiyar ba ƙafewa ta yi ba, ruwa yana nan cike, ɗiba ce ta gagara. Ban ce kai maciji ne ba, kada ka kumbura. Shi ba shi da digiri.

Na san abin da za ka ce, baffanka ya riga ya faɗa min. Za a taka bututu, wani zai shiga da sunan kala ya ɗauki abin da ba kala ba, kuma abin da ƴan ƙwadago suke tonowa a bi na biyu ba kaɗan ba ne. Duk gaskiya ne. Ba zan ce maka ba abin da za mu rasa ba, akwai. Amma gidan da ya jera buhuna har ƙofar ɗakina zai iya ɗaukar wannan rashin bai ji ba, gidan Dije kuwa akuyar ke nan, an riga an sayar, bana ba wata. Yadda za a kare bututu, da lokacin da za a buɗe da lokacin da za a rufe don noman rani, wannan aikin mai ilimi ne, kuma muna da shi a gida. Wanda ya iya sa gona ta ninka ba zai kasa wannan ba. Ni abin da na iya shi ne zama a gefen kwano.

Sauran nasihohi ka sha jin su. Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka ci abinci mai zafi, kada ka gaji babanka wajen jira. Ka gaida masu gadi da masu shara da sunansu. In manyan ofis suna magana ka saurara, sun riga ka gani, amma in aka zo kan talaka ana faɗin “su”, ka tuna kakarka tana ciki. Ka zo gida da salla, kada ka aiko da hoto.

Yanzu tashi ka buɗe jakarka. Akwai gwangwanin ƙuli-ƙuli da na cusa a gefen takalmanka ranar da za ka tafi. Juye shi a faranti. Abin da ka ji ya faɗo da nauyi, a naɗe a leda, kwaɗon ƙofar gona ne, har da ƴaƴan makullinsa. Na ce wa baffanka ya kawo min in yi masa tofi saboda ɓarayi, ya kawo da hannu biyu, bawan Allah. Da ya dawo karɓa na ce tofin bai gama shiga ba. Jiya dai na gaya masa gaskiya. Ya riƙe haɓa ya ce, “Iya, ke ba za ki girma ba.” Na san zai iya sayen wani gobe a bakin kasuwa, amma ya yi min alkawari ba zai saya ba sai ya ji daga bakinka.

In ka auna ka ga rufewa ce daidai, ba wa direban motar Daura shi ya kawo min. Ni da hannuna zan miƙa wa baffanka, ba zan yi maka gori ba, ba zan fasa zaga unguwa da labarinka ba, kana nan a mijina. In kuwa ka ga ya zauna a wurinka, to ɗora shi a kan teburin ofis ya riƙa danne maka takardu kada fanka ta kwashe. Duk wanda ya tambaye ka na mene ne, ka ce na matarka ne ta Daura.

Kada dai ka daɗe kana tunani, ganyen gyaɗa ya fara ɗigo-ɗigo. Shekaranjiya na ga Dije a kasuwa ta fito daga maƙera, ta kai ƴar fartanyarta an gyara mata baki. Ta ɓoye ta a bayan zane da ta hango ni. Na yi kamar ban gani ba. Amma na sa an nemo min tawa a cikin tarkacen sito. In ƙofa ta buɗe zan bi ta, mu ga wadda bayanta zai fara gazawa.

Allah Ya tsare min kai, gabanka da bayanka. Ya sa ka shiga ofishin nan da ƙafar dama, Ya ba ka shugabanni masu adalci, Ya hana hannunka sa hannu a kan abin da zai sa wani kuka. Ya girmar da tukunyar ƙasar nan ta hannunku, Ya sa kowa ya tashi a ƙoshe. Ya dawo min da kai lafiya ina da rai. Babanka da uwarka da ƙannenka suna gaisuwa. Baffanka ma yana gaisuwa, yana kuma jiran waya.

Wassalam.

Ni ce kakarka, matarka ta tun fil'azal,
Iya Habi